Sakin Talala da Gwajin Ƙwaya a Amurka: Me Ke Biyo Baya Idan Fitsari Ya Tona Asiri?



'Yan'uwa, darasinmu na yau ya ɗan fita daga inda muka saba. Magana ce ta dokar Amurka, a kan mutumin da aka sako daga kurkuku kafin wa'adinsa ya cika, bisa sharuɗɗa, sai aka gwada fitsarinsa aka tarar da ƙwaya. Me zai same shi? Cikin masu bibiyar wannan shafi akwai mazauna can, akwai kuma waɗanda suke nan gida amma suna da ɗa ko ƙane ko miji a can. Irin wannan mas'ala ba a cika kawo ta a fili ba saboda kunya. Ana kawo ta ne a ɓoye, sau da yawa bayan aikin gama ya gama. To gara a san ta tun da sauran dama.

Mu fara da kalmar kanta. Bahaushe ya san talala: a ɗaure dabba da doguwar igiya, tana kiwo tana walawa, amma turken yana nan a kafe. Haka sakin talala yake. Mutum ya yi wani kaso na hukuncinsa a ciki, sai a ce ya fita ya ƙarasa sauran a cikin jama'a, amma a idon doka hukuncin bai ƙare ba. Wannan daban yake da wanda alƙali bai tura kurkuku ba tun farko, ya sa shi ƙarƙashin sa ido a madadin ɗauri, duk da cewa sharuɗɗan biyun suna kama da juna ƙwarai. A ƙarshen 2022 mutanen da ke kan sakin talala a Amurka sun kai kusan 700,000, su kuwa na kashi na biyu kusan miliyan 3. A matakin gwamnatin tarayya, dokar 1984 ta soke sakin talala ga laifukan da aka aikata daga Nuwamban 1987, aka maye gurbinsa da wani wa'adi na sa ido wanda alƙali yake ƙarawa bayan an gama zaman kurkuku. Sunan ya canza, amma igiyar tana nan, don haka zan haɗa su a bayani ɗaya, in nuna bambanci inda yake da amfani.

Ranar fita, ana ba mutum takarda ya sa hannu. Zai riƙa zuwa wurin jami'in da aka ɗora masa. Ba zai bar yankin ba sai da izini, ba zai canza gida ba sai ya sanar, ba zai riƙe bindiga ba, ba zai taɓa kayan maye ba, kuma zai ba da fitsari duk sanda aka nema. 'Yancin da sauran mutane suke da shi bai cika a gare shi ba. A 2006, a shari'ar Samson da jihar Kalifoniya, Kotun Ƙolin Amurka ta yarda ɗan sanda ya caje wanda ke kan sakin talala ko da babu wani takamaiman zargi a kansa. Don haka maganar "ai ba su da dalilin gwada ni" ba ta da wurin zama. Sa hannun da ya yi ranar fita shi ne dalilin.

Yadda gwajin yake

A tsarin tarayya doka ta ce a gwada mutum cikin kwana 15 da fitarsa, sannan aƙalla sau biyu bayan haka, sai dai in kotu ta ga babu alamar shaye-shaye a tarihinsa ta ɗage masa. A aikace ana iya yin fiye da haka nesa ba kusa ba. A wurare da dama ana ba mutum launi ko lamba, kullum ya buga waya ya ji ko an kira nasa. In an kira, ranar zai je. Akan sa wani jinsinsa ya tsaya yana kallo yayin da yake ba da fitsarin, sannan a duba ɗumin kofin cikin minti 4, domin fitsarin da ya fito daga jiki yanzu yana da ɗuminsa. Na san wannan kallon yana yi wa Musulmi nauyi saboda al'aura. Lalura ce, ba shi ya zaɓa ba, kuma ƙin bayarwa saboda wannan dalili ba zai kare shi a gaban hukuma ba.

Kowace ƙwaya tana da tsawon lokacin da take barin sawu a fitsari. Hodar iblis da hiroyin da makamantansu sukan ɓace cikin kwana biyu zuwa huɗu. Wiwi kuwa sinadarinta yana maƙalewa a kitsen jiki, wanda ya daɗe yana sha ana iya ganinta a fitsarinsa har kusan wata guda bayan ya daina. Gwajin gashi yana waiwayawa baya kusan kwana 90. Akwai kuma wata filasta da ake mannawa a fata ta kwana bakwai ko fiye tana tsotsar gumi, sai a cire a kai ɗakin gwaji.

Ga wurin da nake so a buɗe kunne. Gwajin mataki biyu ne. Na farko shi ne na gaggawa, wanda kofin yake nuna layi nan take. Yana da arha, yana da sauri, kuma yana kuskure, saboda siffar sinadari yake kamawa, wani lokaci ya kama wanda ya yi kama da shi. Wasu magungunan mura da toshewar hanci suna iya fitowa kamar ƙwayar ƙara kuzari. Wasu magungunan damuwa da likita ya rubuta haka nan. Na biyu shi ne na tabbatarwa, a ɗakin gwaji, da na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta faɗi sunan kowanne. Dokar tarayya ta ce idan sakamakon zai iya kai mutum kurkuku, kuma ya musa, to sai an yi wannan na biyun. Wanda ya san bai sha komai ba, kada ya tsaya rantse-rantse da ɗaga murya a ofis. Ya ce cikin natsuwa bai yarda da sakamakon ba, yana neman a tura fitsarin nan ɗin a tabbatar, kuma a rubuta cewa ya nema.

Akwai kuma abubuwan da ko gwaji na biyu zai iya nunawa alhali mutum bai yi niyyar maye ba. Waɗannan ƙananan baƙaƙen 'ya'yan da ake barbaɗawa a kan burodi a can, kamar yadda muke barbaɗa riɗi, daga furen da ake samun ofiyom suke, kuma suna iya sa a ga mofin ko kodin a fitsari. Abin ba tatsuniya ba ne: a 2023 ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta gargaɗi sojojinta su guje su. Mayuka da alewoyin da ake yi daga ganyen dangin wiwi ana sayarwa a shaguna da sunan maganin ciwon jiki, da yawa suna ɗauke da ɗan sinadarin da ake nema. Wanda aka hana wa giya kuma, ana iya yi masa gwajin da ke ganin sawunta bayan kwana biyu ko uku, don haka ya lura da ruwan kurkurar baki da maganin tari masu barasa a ciki.

Sai wanda ya shafe mu kai tsaye: maganin da ake aikowa daga gida. Hajiya ta ji ɗanta yana ciwon baya, ta ba wani mai tafiya tiramol ko maganin tari mai kodin ya kai masa, da kyakkyawar niyya. A Amurka tiramol yana cikin magungunan da doka ta ƙayyade tun 2014. In ya fito a gwaji babu takardar likitan can, hukuma ba ta san wata Hajiya ba. Haka garin maganin da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba. Duk abin da mutum yake sha, ya kai wa jami'insa takardarsa tun kafin ranar gwaji, domin bayanin da ya riga sakamako zuwa ana ɗaukarsa bayani, wanda ya zo daga baya kuwa ana jinsa kamar kame-kame.

Wiwi ma tana ruɗin mutane. Jihohi da yawa sun halatta ta a dokarsu, kana tafiya a titi kana jin warinta. Amma dokar tarayya ba ta sake ta ba, kuma ko a jihar da ta halatta, takardar sharuɗɗan mutum tana iya hana shi. Abin da maƙwabcinsa zai yi ba a ce masa uffan ba, shi yana iya jawo masa kwana a tsare.

To an tabbatar. Sai me?

Amsar gaskiya ita ce: ya danganta da inda mutum yake, da tarihinsa, da jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa. Faɗuwa gwaji a karan kanta yawanci ba sabon laifi ba ce da za a gurfanar da mutum a kansa. Saɓa sharaɗi ce. A karo na farko, in babu wani abu tare da ita, abin da aka fi gani shi ne gargaɗi, a ƙara yawan gwaji, a tura mutum a auna zurfin matsalarsa, a sa shi zuwa zaman jinya sau kaza a mako. In ta maimaitu sai a ƙara matsewa: dokar kada dare ya yi masa a waje, na'urar bibiya a idon sawu, zama a cibiyar jinya na makonni ko watanni, ko 'yan kwanaki a tsare. Can ƙarshen tsanin kuma akwai soke sakin gaba ɗaya a mayar da shi kurkuku.

A tsarin tarayya an rubuta abin ƙarara. Kotu za ta soke sakin idan aka samu mutum da ƙwaya a hannunsa, ko ya ƙi yarda a gwada shi, ko gwaji ya kama shi fiye da sau uku a cikin shekara ɗaya. Kada kuma wani ya ce ashe ina da uku kyauta. Kotuna da yawa suna cewa wanda aka ga ƙwaya a jikinsa ai sai da ya riƙe ta kafin ya sha, don haka faɗuwa ɗaya ma tana iya zama hujjar mallaka. Amma dokar nan dai ta bar ƙofa: ta umarci alƙali ya duba ko akwai shirin jinya da ya dace, ko mutumin yana cikin wani shirin, wanda zai sa a ɗage masa komawa kurkuku. Wannan ƙofar ita lauya mai hankali yake nufa. Idan aka soke, tsawon zaman yana bin nauyin laifin asali: har shekara 5 ga mafi girman laifuka, 3 ga na ƙasa da su, 2 ga na tsakiya, shekara ɗaya ga sauran. Kuma watannin da ya yi a waje yana bin doka ba a rage masa su daga wannan zaman. A wasu jihohin ma haka ne, mutum ya yi shekara biyu a waje lafiya lau, a soke, a ce waɗannan shekarun ba sa cikin lissafi.

Jihohi kuwa kowace da nata. A Kalifoniya, tun sauyin 2011, mafi yawan masu saɓa sharaɗi ba sa komawa babban kurkukun jiha, ana tsare su a na ƙaramar hukuma, kuma bai wuce kwana 180 ba. Akwai kuma ɗan gajeren tsarewa na jan kunne da bai wuce kwana 10 ba. A New York an yi doka a Satumban 2021, wadda Gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu, ta fara aiki sosai a Maris 2022. Ta hana mayar da mutum kurkuku don kawai ya sha ƙwaya ko giya, sai in laifinsa na asali tuƙi ne cikin maye. Sauran saɓa sharaɗin da ake iya tsare mutum a kansu kuma ta ƙayyade su kada su wuce kwana 30. Ta kuma ce duk kwana 30 da mutum ya yi ba tare da saɓawa ba, a rage masa kwana 30 daga wa'adin sa ido. A wata jihar kuwa wannan kofin fitsarin ɗaya yana iya mayar da mutum ya ƙarasa shekarun da suka rage masa. Shi ya sa labarin "ai wane ma ya faɗi gwaji ba a yi masa komai ba" yake da haɗari. Wane a wace jiha? Wane laifi ya kai shi tun farko?

Don a ga girman abin: wani rahoto da majalisar haɗin gwiwar gwamnatocin jihohin Amurka ta fitar a 2019 ya nuna kashi 45 cikin ɗari na masu shiga kurkukun jihohi, saɓa sharuɗɗan sa ido ne ya kai su. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk masu shiga kuwa ba wani sabon laifi suka yi ba, sharaɗi kawai suka karya, irin su faɗuwa gwaji ko rashin zuwa ganin jami'i.

Haƙƙin a saurare ka

Ba a mayar da mutum haka kawai don jami'i ya yi fushi. A 1972, a shari'ar Morrissey da Brewer wadda ta taso daga jihar Ayowa, Kotun Ƙoli ta ce 'yancin mai sakin talala ko da na sharaɗi ne, yana da daraja, ba a ƙwace shi sai an bi ƙa'ida. Za a yi zama na farko ba da jimawa ba, a duba ko akwai dalilin ci gaba da tsare shi. Sannan a yi babban zama. Dole a ba shi zargin a rubuce, a nuna masa hujjojin da ake da su, a bar shi ya yi magana ya kawo shaidu da takardu, ya yi wa masu ba da shaida a kansa tambayoyi sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin hanawa, masu yanke hukunci su zama ba su da hannu a rigimar, kuma su rubuta dalilin hukuncinsu. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Gagnon da Scarpelli, kotun ta ce ba kowa ne tsarin mulki ya wajabta a ba lauya kyauta a irin wannan zama ba, ana duba yanayi. Amma tsarin tarayya da jihohi da dama suna bayarwa. A tambaya, kada a yi shiru.

Sai dai zaman nan ba kamar shari'ar farko ba ne. Babu masu taya alƙali yanke hukunci daga cikin jama'a, kuma ma'aunin hujja ya yi ƙasa. A shari'ar laifi sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. A nan kuwa galibi rinjayen hujja ya isa, abin da ɗaliban fiƙihu za su gane da galabar zato: in ya fi kusa da cewa ya sha fiye da bai sha ba, magana ta ƙare. Da sakamakon ɗakin gwaji a kan tebur, musu ba ya kai mutum ko'ina. Abin da ake fafatawa a kai a zahiri shi ne me za a yi da shi. A nan ne takardar mai gidan da yake wa aiki take da nauyi, da shaidar cewa ya riga ya kai kansa jinya kafin a tilasta shi, da jerin gwaje-gwajen baya da ya tsallake, da 'yan'uwa da suka zo suka zauna a bayansa, da wasiƙar limamin masallacinsu mai faɗin abin da ya sani na gaskiya ba ƙari. A jihohi da yawa kuma babu beli ga wanda aka kama da sammacin saɓa sharaɗi, zai jira zaman a tsare. Makonnin jiran nan kaɗai sun isa su cinye aiki da ɗakin haya, ko da daga baya an sake shi.

Wani zai ce, Malam, to in ya san ya sha, ya faɗa wa jami'in ko ya yi shiru? Ƙarya dai babu ita, ba a addini ba, ba kuma a dabara ba, domin kofin zai ƙaryata shi cikin minti biyar, daga nan kuma duk abin da ya faɗa ba shi da daraja. Jami'ai da yawa suna sassauta wa wanda ya riga su faɗa ya nemi taimako. Amma ya sani jami'in ba abokin sirrinsa ba ne. Abin da ya faɗa yana shiga fayil, kuma tun 1984, a shari'ar jihar Minesota da Murphy, Kotun Ƙoli ta yarda a yi amfani da abin da mutum ya faɗa wa jami'in sa ido a kansa a kotu. Don haka ya faɗi gaskiya a kan shan da ya yi da buƙatarsa ta jinya, amma kafin ya shiga dogon labari, ko ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yafe haƙƙinsa na zaman sauraro, ya nemi magana da lauya. Mutane da yawa suna sa hannu a wannan takarda cikin ruɗewa, suna zaton ita ce hanyar komawa gida da wuri.

Inda ƙaramar matsala take zama babba

A ganina, abin da ya fi jefa mutane a rami ba shi ne shan da suka yi ranar Asabar ba. Abin da suka yi ranar Litinin ne don su ɓoye shi. Wani zai ɗirki ruwa jarka guda don ya wanke fitsarin. Ɗakin gwaji yana auna wani sinadari da ƙoda ke fitarwa, in ya yi ƙasa da ƙima sai a rubuta cewa fitsarin a tsarme yake, kuma wurare da yawa suna lissafa wannan daidai da faɗuwa. A nan masu azumi su lura: wanda ya cika cikinsa da ruwa a sahur aka kira shi gwaji da sassafe yana iya faɗawa wannan ba da niyya ba, wanda aka kira da la'asar kuma yana iya kasa kawo komai. Ya gaya wa jami'insa tun kafin watan ya kama. Wani kuma zai sayi fitsarin roba ko ya karɓi na abokinsa. Wannan a jihohi da dama laifi ne mai zaman kansa, ka ga ya tashi daga saɓa sharaɗi ya koma sabuwar tuhuma.

Mafi muni shi ne gudu. Tsoro ya kama mutum, ya ƙi zuwa gwaji, ya kashe waya, ya koma kwana gidan aboki. Rashin zuwa ana ɗaukarsa kamar faɗuwa, ɓacewa kuwa sammacin kamu take jawowa. Ko a New York da aka sassauta, wanda ya sha ba a tsare shi don shan, amma wanda ya ɓace ana iya tsare shi. Jami'in da jiya yake da ikon ya ce je ka jinya, yau abin ya fita daga hannunsa. Kuma 'yan'uwa, mu ma muna da laifi a nan. Sau nawa dangi suke ɓoye yaro da sunan rufin asiri, a ce wa jami'i ba ya nan alhali yana ɗaki? Wannan rufin asirin kwana kaɗan yake yi, kuma yaron ne zai biya kuɗinsa.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma akwai wata igiyar ta biyu. Dokar shige da fice ta Amurka ta sa hukunci a kan laifin ƙwaya cikin dalilan korar baƙo, ko da yana da katin zama na dindindin, in ban da laifi ɗaya na riƙe wiwi da bai wuce giram 30 ba don amfanin kai. Ta kuma ambaci wanda ya zama mashayin ƙwaya. Faɗuwa gwaji ba hukuncin kotu ba ce, amma abin da mutum ya amsa da bakinsa a rubuce yana iya biyo shi ranar da zai nemi zama ɗan ƙasa. Irin wannan yana buƙatar lauyan da ya san ɓangaren shige da fice, ba na laifuka kaɗai ba.

Shin tsarewar tana gyara mutum? Su kansu Amurkawa suna ta muhawara. A 2004 wani alƙali a Hawayi, Steven Alm, ya fara wani shiri mai suna HOPE ga masu zaman sa ido. Hikimarsa ita ce hukunci ya zama ƙarami amma tabbatacce kuma nan take: ka faɗi gwaji yau, ka kwana biyu ko uku a tsare, ba a tara maka laifi goma ana kawar da kai sannan rana ɗaya a jefa ka shekaru ba. Binciken farko a 2009 ya nuna raguwa mai yawa a shan ƙwaya da sake kamu. Da aka gwada tsarin a wasu wurare huɗu a cikin ƙasar, sakamakon bai fi na tsarin da aka saba ba. Abin da na fahimta shi ne, tsoron kwana uku yana iya tsayar da wanda yake sha don nishaɗi, amma wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa, wanda in bai sha ba zai yi ta amai da rawar ɗari, wannan magani yake buƙata. Akwai magungunan da likitoci ke bayarwa ga masu fama da hiroyin da danginta, irin su metadon da bufrenofin, kuma a 2022 ma'aikatar shari'ar Amurka ta bayyana cewa dokar kare masu naƙasa tana kare wanda yake shan su bisa umarnin likita. Mu a nan Najeriya, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta shigo da sakin talala cikin ayyukan hukumar, don haka wannan muhawarar wata rana tamu ce.

Haram ɗin kayan maye ba abin da ake jayayya a kai ba ne, kuma wanda ya sa hannu a sharaɗi ya ɗauki alƙawari, ya kamata ya cika. Amma ku tuna da sahabin nan mai suna Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Himar, mai ba Manzon Allah (SAW) dariya. An sha kawo shi saboda giya ana yi masa bulala. Wata rana da aka sake kawo shi, wani ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Bukhari ne ya ruwaito. An zartar da hukuncin, ba a ɗage ba, amma ba a yarda a yanke shi daga jama'a ba. Uban da ya ce wa ɗansa kada ka sake taka min gida ranar da ya faɗi gwaji, ya sani adireshin gidan nan yana cikin sharuɗɗan sakin. Korar tana iya zama saɓawa ta biyu a fayil ɗin yaron, kuma ta tura shi wurin mutanen da suka ba shi ta farko.

Akwai kuma abin da ya fi kurkuku. A 2007 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga binciken da Dakta Ingrid Binswanger da abokan aikinta suka yi a kan mutum fiye da 30,000 da aka sako daga kurkukun jihar Washinton. A makonni biyun farko bayan fita, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'ar jihar kusan sau 13. Haɗarin mutuwa ta hanyar ƙwaya ta yi wa mutum yawa kuwa ya ninka sau 129. Dalilin a fili yake. Jikin da ya saba da wani adadi, in ya yi watanni bai samu ba sabon yana zubewa. Mutum ya fito ya ɗauki adadin da ya saba ɗauka a da, numfashi ya tsaya. Wannan kuma kafin fentanil ta cika kasuwa ke nan, ƙwayar da ta fi hiroyin ƙarfi kusan sau 50, wadda miligiram 2 nata ke iya kisa, kuma ake cusa ta cikin ƙwayoyin jabu da hodar iblis ba tare da mai saye ya sani ba. A 2021 da 2022 da 2023, kowace shekara mutum fiye da 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka.

Wannan yana nufin duk tsarewa, ko ta kwana 30 ce, tana sake buɗe waɗannan makonni biyun masu haɗari ranar da aka sako mutum. Yana kuma nufin mai tsoron gwaji yakan sha shi kaɗai a ɓoye, a banɗaki, ƙofa a kulle, inda babu mai ganin ya faɗi. Duk gidan da ke da irin wannan ɗa ya ajiye naloksan, maganin da ake fesawa a hanci yana dawo da numfashin wanda hiroyin ko fentanil ta danne. Tun 2023 ana sayar da shi a kantin magani a Amurka ba sai da takardar likita ba, da sunan Narcan. In an tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa yana ja da ƙyar, leɓensa ya canza launi, a fesa a hanci ɗaya, a kira 911 nan take, a kwantar da shi a gefensa. In minti biyu zuwa uku suka wuce bai motsa ba, a fesa na biyu a ɗaya hancin. Ko ya farka kada a bar shi shi kaɗai kafin motar asibiti ta iso, domin ƙarfin maganin yana iya ƙarewa kafin na ƙwayar.